Saura Wata Biyu Biki Gashina Ya Zube

"Cire ɗankwalin nan mu gani!"

Hannuna yana cikin kan wata mata ina tsaga, na tsaya cak. Yayar saurayina ce tsaye a ƙofar shagon gyaran gashin da nake aiki, jaka a hammata, ko sallama ba ta yi ba.

"Yaya, sannu da zuwa... shigo ki zauna mana."

"Ba zama ya kawo ni ba. Na ce ki cire ɗankwalin!"

Mata shida ne a shagon. Har wadda kanta ke cikin na'urar busar da gashi sai da ta zaro shi ta zuba mana ido. Na kai hannu na dafe ƙullin ɗankwalina.

"Don Allah Yaya, mu je waje mu yi magana."

"A nan za a yi ta. Ɓoye-ɓoyen ya isa haka."

Ta zaro waya ta ɗora min a fuska. Hoton kaina ne, an ɗauka ta baya ina sunkuye a ɗakin wankin kai. Tsagar tsakiya ta buɗe kamar hanya, fatar kai tana sheƙi, ɗan gashin da ya rage ya kwanta tsilli-tsilli.

"Wace cuta ce kike ɓoye mana? Cikin wata huɗu kin koma kamar sillen kara, kai kamar gonar da fara ta bi, kuma kin yi shiru kina jiran a ɗaura! Mama ta ce in gaya miki, ba za ta zuba ido ɗanta ya ƙare ƙuruciyarsa a jinya ba."

Ta juya ta fita. 

Matar da nake wa kitso ta janye kanta daga hannuna a hankali.

"Bar shi haka, 'yar nan. Zan dawo wani lokacin."

Ban yi kuka ba sai da na shiga ɗakin wankin kai na turo ƙofa.

Bari in koma baya, don ku san yadda aka yi na kai kaina nan.

Ni tun tashina mai jiki ce. A makaranta an kira ni buhu, an kira ni tanki, har na saba ina taya su dariya. Abu guda nake da shi da ba mai iya yi min gori a kai: gashina. Baƙi ne wuluk, cike, yana sauka har tsakiyar bayana. Mata kan shigo shagonmu su ce, "Mai gashin nan muke so ta taɓa mana kai, ko ma samu albarka."

Saurayina kuwa kafinta ne. Ya zo kafa mana kantocin mayuka ne ranar da kujera ta karye da ni a gaban kowa. Ina ƙasa, shago ya ɗauki dariya, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya zo ya ɗauki ƙafar kujerar ya jujjuya ta, fuska a ɗaure.

"Wanda ya yi kujerar nan ya kamata a yi wa dariya," ya ce. "Ƙusa biyu kacal ya sa. Ko kyanwa ce ta hau sai ta faɗi."

Daga ranar aka fara. Ni ina ce masa Kafinta, shi yana ce min Lukutata, kuma a duniya shi kaɗai ne zai faɗi wannan kalmar in ji ta kamar zuma. Shekara biyu muna tare, bai taɓa kallon farantina ba.

Ranar da ya kai ni gaishe da mahaifiyarsa, na fita wanke hannu, ina dawowa na jiyo muryarta ta bayan labule.

"Duk matan duniya ka rasa wadda za ka kwaso sai wannan? Ai sai ka fara faɗaɗa ƙofa, tunda sana'arka ce. Irin wannan ƙibar ma haihuwa wuya take musu."

"Mama, ita nake so."

"To Allah ya ba da sa'a. Ni dai na faɗa."

Na tsaya a bayan labulen har hannuna ya bushe, sannan na shiga da murmushi kamar ban ji komai ba. Bai san na ji ba. Ya dage, ya kai ruwa rana da danginsa, har aka sa rana wata shida. Sati biyu bayan haka ya samu aikin kafa ƙofofin wani babban gini a wani gari mai nisa, aikin wata huɗu.

"Kafin in dawo kada ki rage min ko kumatu ɗaya," ya ce a tasha. "Na ƙirga kayana."

Na yi dariya. Amma maganar Mama tana cina kamar gara.

A shagonmu akwai mai gyaran farce, siririya, fara, mai daɗin baki. Ita ce ƙawata ta kusa, ita na faɗa wa abin da na ji. Na lura tana yawan dariya idan Kafinta ya zo ko da abin da ya faɗa ba na dariya ba ne, amma ban taɓa kawo komai a raina ba.

"Ke ma kin cika son wahala," ta ce. "Akwai allurar rage ƙiba, sau ɗaya a sati. Na san mai sayarwa. Kafin angon ya dawo kin zama 'yar gayu, uwar miji ta rasa bakin magana."

"Ba sai na ga likita ba?"

"Likita zai ce miki shekara guda. Kina da shekara guda?"

Ba ni da ita. Na karɓa.

Satin farko abinci ya fita raina. Rabin ƙwai da ruwan shayi su kai ni yamma. Da Mai Farce ta ga sikeli ya fara sauka, ta ce in ninka, lokaci na tafiya. Na ninka. Kayana suka fara yi min yawa, kwastomomi suna yaba ni, ni kuma in na miƙe sai na dafa bango saboda jiri. Mahaifiyata, Umma, ta yi faɗa har ta gaji.

"Auta, wannan ba rama ba ce ta lafiya. Me kike sha?"

"Ba komai Umma, aiki ne ya yi yawa."

A wata na uku, wata safiya na sa mataji a kaina, ya fito cike da gashi.

Na ce ko don na daɗe ban tsefe ba ne.

Washegari na tarar da shi a kan matashi. Kwana na uku ya toshe magudanar banɗaki. Na shafa duk man da na sani, duk dabarar da nake koya wa mata na gwada, kamar ina ƙara masa gudu. Ni da nake gyara kan mutane, na koma ina tattara nawa a leda ina ɓoyewa a ƙarƙashin gado kada Umma ta gani.

Kafinta kan kira kullum da yamma idan ya tashi aiki.

"Kunna bidiyo in ga Lukutata."

"Kyamarar ta lalace, masoyi."

"Har yanzu? To ni dai na yi kewar kumatun nan..."

Sai in toshe baki da hannu kada ya ji kukana.

Mutum ɗaya na nuna wa kaina, a ɗakin wankin kai, ƙofa a rufe. Shi ya sa ranar da Yaya ta tafi, ban tsaya tambayar wa ya ɗauki hoton ba. Na wanke fuska na fito na tsaya a gaban teburin Mai Farce.

"Me na yi miki?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba, tana jera kwalaben jan farce.

"Ni gaskiya na taimaka aka sani. Haka za ki shiga gidan bawan Allah da kai kamar ƙwarya?"

"Ke kika kawo min allurar!"

"Na danne ki na yi miki?" Ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa. "Tsakaninki da Allah, ke kin taɓa ganin kun dace?"

A ranar na kwashe matajina na bar shagon.

Kwana biyu bayan nan, da la'asar, na ji muryarsa a tsakar gida yana gaishe da Umma. Labari ya kai masa, ya baro aikin ya taho. Na ɗaura ɗankwali biyu, na lulluɓe da mayafi, na fito falo.

Yana ganina ya miƙe. Jakar hannunsa ta faɗi.

"Innalillahi... Lukutata? Ke ce?"

Yadda idonsa ya cika da tsoro shi ya ƙarasa ni. Ban ga so a ciki ba a lokacin, firgici kawai na gani.

"Wa ya yi miki haka? Me yake damunki? Tashi mu je asibiti yanzun nan. Ko mene ne, tare za mu yi."

Na so in faɗa masa. Wallahi maganar ta zo har bakina. Amma in na faɗa, sai na ce maganar mahaifiyarsa ce ta kai ni, kuma na san shi, zai je ya yi abin da zai raba shi da ita. Bayan haka, ni kaina na riga na yarda da Yaya. Jiri, bugun zuciya, zubar gashi... na karanta abubuwa a waya har na yanke wa kaina cewa wata muguwar cuta ce ta kama ni, allurar ta tono ta ne kawai. Na hango shi yana ɗauke da ni daga wannan asibiti zuwa wancan, danginsa suna cewa ai mun faɗa.

"Lafiyata ƙalau," na ce. "Auren ne na fasa."

"Ban gane ba."

"Na daina sonka. Akwai wani."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ƙarya kike. Kalle ni ki maimaita."

Na kalle shi. Na maimaita.

Har yau ban san inda na samo wannan ƙarfin ba, kuma har yau ina tsine wa ƙarfin.

Bai yarda ba. Kullum bayan la'asar sai ya zo ya zauna a dakalin ƙofar gidanmu. Ina leƙensa ta taga, kansa a sunkuye, yana juya hularsa a hannu. Ya aiko da saƙo har na canza layi. Na sa Umma ta rantse ba za ta ce masa komai ba.

"Auta, ki ji tsoron Allah. Yaron nan ya fi wata yana zarya."

"Zai gaji, Umma."

"Ranar da ya gaji ke za ki fi shi kuka."

Ranar Talata ta sati na bakwai, dakalin ya wuni ba kowa. Laraba ma haka. Na tsaya a taga har aka kira magariba.

A satin ne na yanke jiki na faɗi a kicin.

Na farfaɗo a gadon asibiti da ƙarin ruwa a hannu. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta sa aka yi min gwaje-gwaje, sannan ta ja kujera ta zauna kusa da ni.

"Gaya min gaskiya, me kike sha?"

Na faɗa mata komai. Ta cire tabarau ta murza ido.

"Maganin nan yana da masu bukatarsa, kuma da kulawar likita ake bin sa, a hankali. Ke kin saya a hannun wadda ba ki san me ta ba ki ba, kin ninka, kin daina cin abinci. Jininki ya yi ƙasa sosai. Idan jiki ya rame da gaggawa haka, sai ya tattara ɗan abin da ya samu ya ba zuciya da ƙwaƙwalwa, ya ƙyale gashi. Shi ya sa yake zuba."

"Likita... ba ciwon ajali ba ne?"

"Wa ya ce miki? Yunwa ce, 'yata. Ki ci abinci, ki sha maganin ƙarin jini, ki daina allurar. Yawanci gashin yana dawowa, sai dai yana son haƙuri. Watanni ne."

Na fashe da kukan da ya sa ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Likitar ta ɗauka na murna ne.

Muna komawa gida Umma ta miƙo min wayarta.

"Kira shi."

"Ba yanzu ba."

"Sai yaushe?"

"Bari gashin ya ɗan fito, Umma. Ba zan je masa da wannan kan ba. Bari in ɗan koma mutum."

"Shi ya ce miki gashi ya zo aura?"

Na mayar mata da wayarta. Kunya ce, ba komai ba. Na riga na yi masa ƙarya ido cikin ido, ina so ranar da zan je neman gafara in je da kyauna.

Wata biyu gashin bai daina zuba ba. A na uku ya tsaya. A na huɗu na shafa goshina na ji wani laushi kamar gashin jariri, na ruga na nuna wa Umma muka rungume juna. Na samu aiki a wani shagon, kumatuna suka fara dawowa. Kullum sai in auna shi da yatsa a madubi in ce saura kaɗan.

Sai da ya kai a kama a kitsa. Wata takwas cif.

Ranar na yi kwalliya, na hau mota zuwa shagonsa, ina ta maimaita abin da zan ce.

Ƙamshin katako ya tare ni tun daga bakin titi. Yana sunkuye yana goge wata ƙofa, fensir a bayan kunne, ya tara gemu. Na yi sallama.

Hannunsa ya tsaya. Ya daɗe bai juyo ba.

"Kafinta..."

Ya juyo. Ya kalle ni kamar mai kallon wanda aka ce ya mutu.

"Kin warke," ya ce a hankali. "Alhamdulillahi."

"Na zo in gaya maka gaskiya. Babu wani. Ba a taɓa yin wani ba."

"Ƙawarki mai farce ta zo nan ta rantse min. Ta ce da idonta ta ga mai mota yana sauke ki, har ta faɗi kalar motar. Ranar na daina zuwa." Ya ajiye abin goge katakon. "Daga baya ta fara kawo min abinci, na gane inda ta dosa na kore ta. Amma maganar ta riga ta zauna, tunda daga bakinki na fara ji."

Na faɗa masa komai, tun daga bayan labule har gadon asibiti. Yana ji yana ja da baya, har ya zauna a kan tarin katako ya dafe kai.

"Saboda maganar Mama?"

"E."

"Ni na taɓa ce miki ki rage? Sau ɗaya, na taɓa?"

"Ba ka taɓa ba."

"Sati bakwai ina zaune a ƙofarku! Ko a rubuce ne, ki jefo min ta taga! Gashi? Saboda gashi? Wallahi da ba ki da ko ƙwaya ɗaya a kai, da na..."

Muryarsa ta karye. Ban taɓa ganin hawayensa ba sai ranar.

Na durƙusa a gabansa cikin garin katako.

"Ka yafe min, masoyi. Na dawo. Duk ranar da ka ce, ko gobe ne..."

Ya girgiza kai, ya kasa kallona.

"Sati uku ke nan da aka ɗaura min aure."

Na ji maganar, amma kamar da wani yare aka yi ta.

"Sati... uku?"

"Malamar makaranta ce. Ba ta san komai ba sai cewa an taɓa yaudarata. Ta yi haƙuri da ni lokacin da ko ni ba na iya haƙuri da kaina." Ya share fuska da bayan hannu. "Da kin zo wata guda da ya wuce... Lukutata, ni har yanzu..."

"Kada ka faɗi abin da ba za ka iya maimaitawa a gabanta ba."



Na miƙe ina karkaɗe zanena, sai muka ji sallama.

Wata mata ce ta shigo da kwandon abinci a hannu, tana haki saboda rana, fuskarta cike da fara'a. Mai jiki ce. Ta fi ni jiki ko a lokacin da kujera ta karye da ni. Sai da ta ɗan karkace kafin ta wuce tsakanin katakan da ke jingine a ƙofa.

Na kalle shi. Ya gane tambayar.

"Wata biyar ban yi dariya a gida ba," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ranar da na kai ta, Mama da kanta ta tashi ta ba ta kujera."

Matar ta ajiye kwandon ta juyo gare ni.

"Sannu baiwar Allah, aiki kika kawo? Ki yi haƙuri da shi, in ba a tsaya a kansa ba mantawa yake da cin abinci." Ta matso tana kallon gefen kaina inda mayafi ya zame. "Kai, masha Allah, wa ya yi miki kitson nan? Ya yi kyau!"

"Ni na yi. Sana'ata ce."

"Da gaske? Ai kuwa kin samu kwastoma. Ina shagonki yake?"

Na kwatanta mata, har da shagon magani da ke kallonmu don kada ta ɓata. Muryata ba ta yi rawa ba.

"Bismillah mana, ki ci da mu. Da yawa na dafa."

"Na gode, na ƙoshi. Allah ya ba ku zaman lafiya."

"Amin, amin! Sai na zo."

Ban sake kallonsa ba. Na fito na tsallaka titi, na wuce tashar farko, na wuce ta biyu, ban san ina tafiya ba sai da takalmina ya fara cizona. Na zauna a bencin tasha ta uku na kira Umma.

"Auta, kin same shi?"

"Na same shi, Umma."

"To? Me ya ce?"

"Umma... matarsa tana da kirki."

 Na ji ta ja numfashi.

"Zauna inda kike. Ga ni nan zuwa."